Tambaya da Amsa: Girka Jupyter da Gudanar da Shi a Kwamfutarka

Yawancin wasiƙun da suka iso filin nan a wannan karon kan Jupyter suke, manhajar nan ta kyauta da ake rubuta kod a cikin burauza, sakamako ya fito nan take a ƙasansa. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani jama'a da yawa, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malamai. An ce mu girka Jupyter saboda darasin ƙididdiga. Na ga a burauza ake buɗe shi, ke nan kullum sai da data? Kuma wanne zan sauke? Na ga Notebook, na ga JupyterLab, na ga Anaconda, kaina ya ɗaure. Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Data ta ranar girkawa ce kawai. Daga nan ko ka kashe intanet gaba ɗaya zai yi aiki. Ganin burauza ne ke sa mutane su ɗauka wani shafi ne a can wata ƙasa, alhali komai a cikin kwamfutarka yake, abubuwa uku ne ke aiki tare. Akwai burauza, Chrome ko Firefox ko Edge, wadda iyakar aikinta ta nuna maka littafin ta karɓi abin da ka buga. Akwai sabar, manhajar da ke tashi a baƙin allon umarni idan ka kunna Jupyter, ita ke buɗe fayiloli ita ke adana su. Sai kenel, wato Python ɗin da ke gudanar da kod ɗinka, shi ne kuma ke riƙe da duk abin da ka lissafa a cikin RAM. Burauza tamkar tagar ɗakin girki ce, ta nan kake miƙa cefane kana karɓar abinci, amma rufe taga ba ya kashe murhu. Ka riƙe ukun nan da kyau, don kusan duk koke-koken da ke ƙasa daga cakuɗa su suka taso.

Notebook da JupyterLab kuwa tushensu ɗaya. Fernando Pérez ne ya fara IPython a 2001 yana ɗalibi a Jami'ar Kolorado da ke Amurka, a 2011 aka fitar da littafin da ake buɗewa a burauza, a 2014 aka ware shi da sunan Jupyter don ya ɗauki wasu harsunan irin su R da Julia. Notebook yana nuna littafi ɗaya a shafi ɗaya. JupyterLab ya fi faɗi, ga jerin fayiloli a hagu, ga littattafai biyu kafaɗa da kafaɗa idan kana so. Tun daga Notebook 7 na 2023 da kayan JupyterLab aka gina shi, kuma fayil iri ɗaya suke buɗewa, mai ƙarewa da .ipynb. Ka ɗauki JupyterLab.

Anaconda tarin kaya ne, Python da Jupyter da ɗaruruwan laburare, wato kod da wasu suka riga suka rubuta don a yi amfani da shi, a dunƙule. Saukewarsa ta kusa gigabait ɗaya, idan ya zauna kuma ya ci gigabait da dama, yawancinsu ba za ka taɓa buɗewa ba. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, hanyar pip, manhajar da ke sauke laburaren Python ta girka su, ta fi.

Ka sauke Python daga python.org, kimanin megabait 30 ne. A allon farko na girkawa, can ƙasa, akwai ɗan akwati mai rubutun Add python.exe to PATH. Ka danna shi kafin komai. Idan laftof ɗinka Windows 7 ke kai, Python 3.8 ne na ƙarshe da zai hau, kuma sabbin laburare sun daina tallafa masa, don haka gara ka fara da sabunta Windows ɗin ko ka koma Linux. Bayan nan ka buɗe cmd, baƙin allon umarni na Windows, ka buga waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

mkdir C:\aiki
cd C:\aiki
python -m venv muhalli
muhalli\Scripts\activate
pip install jupyterlab pandas matplotlib
jupyter lab

Layi na uku yana ƙirƙiro keɓaɓɓen muhalli, folda mai nata Python da nata laburare, don kada aikin wannan darasin ya ɓata na wani. Idan layi na huɗu ya yi daidai, za ka ga kalmar muhalli ta bayyana a farkon layin umarni. A Linux ko Mac ana buga source muhalli/bin/activate. Ka tanadi megabait 150 don layi na biyar, wanda ke girka JupyterLab da pandas na sarrafa jadawali da matplotlib na zane. Na shida zai buɗe burauza a adireshin localhost:8888, wato wannan kwamfutar, ƙofa mai lamba 8888.

Baƙin allon nan kada ka rufe shi, sabar ce ke ciki. Ka sauke shi ƙasa kawai. Gobe idan ka dawo, layi na biyu da na huɗu da na shida kawai za ka maimaita. A cikin littafin a akwatuna ake rubuta kod, Shift da Enter ke gudanar da akwatin da kake kai. Idan ka danna Esc, harafin B yana ƙara akwati a ƙasa, A a sama, M ya mai da shi na rubutun bayani, D sau biyu ya goge, Z ya dawo da wanda ka goge.

TAMBAYA: Malam, na bi matakan amma cmd ta ce jupyter is not recognized. Abokina kuma mai Ubuntu, pip ta ƙi shi da saƙon externally-managed-environment. Daga Gusau.

AMSA: Naka ɗayan biyu ne: ko ka buɗe sabon cmd ka manta layin activate, ko ba ka danna akwatin PATH ba lokacin girka Python. Ka buga python --version. Idan ita ma ta ƙi, ko ta buɗe maka Microsoft Store, ka sake kunna fayil ɗin girkawa, ka zaɓi Modify, ka danna zaɓin da ke ƙara Python a cikin environment variables, sannan ka rufe cmd ka buɗe sabo. Idan a PowerShell kake, yana iya hana activate saboda dokarsa ta gudanar da umarni, cmd ba ta da wannan shingen.

Na abokinka ba lalacewa ba ce. Tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, nau'o'in Linux biyu, aka hana pip taɓa Python ɗin da tsarin kwamfutar kansa ke dogaro da shi. Ya buga sudo apt install python3-venv, ya ƙirƙiri muhalli, ya girka a ciki. Zai ci karo da masu cewa ya ƙara --break-system-packages. Kada ya yi.

TAMBAYA: Salam. Na girka pandas, pip ta ce an gama, amma a cikin littafi sai ModuleNotFoundError. Na sake girkawa har na gaji. Daga wata ɗaliba a Kano.

AMSA: Malama, sake girkawa ba zai yi magani ba, don Python ya fi ɗaya a kwamfutarki. Pip ta zuba pandas a wani, kenel kuma da wani yake aiki. Ki tabbatar da kanki: a cikin akwati ki rubuta import sys, a layi na biyu sys.executable, ki gudanar. Zai nuna miki hanyar Python ɗin da kenel ke amfani da shi. A cmd kuma ki buga pip --version, ita ma za ta faɗi inda take. Idan hanyoyin biyu sun sha bamban, kin gano ciwon.

Gyara mafi sauri shi ne ki rubuta %pip install pandas a cikin akwatin littafin. Ki lura da alamar kashi cikin ɗari a gaba. Ita ke sa a girka a cikin Python ɗin kenel ɗin da ke gudana. Da yawa suna koyar da !pip mai alamar motsin rai, wannan kuwa yana kiran duk pip ɗin da ya fara cin karo da ita, wadda ba lalle ta zama ta kenel ɗinki ba. Bayan girkawa ki shiga Kernel ki danna Restart Kernel.

Idan kina da muhalli daban-daban, misali ɗaya na aikin kammala karatu ɗaya na darasi, ba sai kin girka JupyterLab a kowanne ba. Ki kunna muhallin, ki buga pip install ipykernel, sannan:

python -m ipykernel install --user --name bincike

Daga nan sunan bincike zai fito cikin jerin kenel, ki zaɓe shi a saman littafin ta hannun dama. Umarnin jupyter kernelspec list yana nuna duk waɗanda aka yi wa rajista. Idan kin goge foldar wani muhalli kika bar rajistarsa, kenel ɗin zai ƙi tashi, sai ki cire shi da jupyter kernelspec uninstall da sunansa.

Wani abu da ke kama da wannan: kada ki sa wa fayil ɗinki suna pandas.py ko random.py a folda ɗaya da littafin. Python zai ɗauko naki ya bar na asali.

TAMBAYA: Malamai, barkanku da aiki. An ɗauke wuta, batirina ya mutu ina tsakiyar aiki. Da na kunna, littafin na nan, jadawali da zane duk suna nan, amma da na gudanar da akwatin ƙarshe sai NameError, wai bai san df ba. Ga shi kuwa ina kallonsa a allo! Sannan wani lokaci lissafina yana canzawa ba tare da na taɓa kod ba. Daga wani akanta a Bauci.

AMSA: Barka kadai Malam. Abin da kake kallo a allo tsohon sakamako ne da aka adana. Fayil ɗin .ipynb rubutu ne tsantsa a tsarin JSON, kana iya buɗe shi da Notepad ka gani. Abin da ke cikinsa shi ne kod ɗin kowane akwati da sakamakon da ya fito a karo na ƙarshe, har da hotunan zane. Shi df kansa, wato jadawalin da pandas ta loda, a cikin RAM yake a hannun kenel, kuma RAM ba ta riƙe komai idan wuta ta yanke. Sabon kenel da ya tashi bai san komai ba sai ka sake gudanar da akwatunan daga sama. Ka shiga Run ka danna Run All Cells.

Rubutunka yana da kariya daidai gwargwado. JupyterLab na adanawa da kansa duk bayan minti 2, kuma idan ka danna Ctrl da S yana ajiye kwafi a wata ɓoyayyiyar folda mai suna .ipynb_checkpoints, wanda za ka iya komawa gare shi ta File, Revert Notebook to Checkpoint. Kwafi ɗaya ne tak, na ƙarshe, don haka kada ka ɗauke shi a matsayin ma'ajiya. Wanda ba shi da kariya shi ne lissafi mai cin lokaci. Idan akwai matakin da ke ɗaukar minti ashirin, kamar tsaftace babban jadawali, da zarar ya gama ka rubuta sakamakon a faifai da to_csv ko to_pickle, akwati na gaba kuma ya karanto daga can. A inda wuta ba ta da tabbas, wannan ɗabi'ar ta fi kowace dabara amfani.

Tambayarka ta biyu ta fi ta farko haɗari, don ita ba ta kawo jan rubutu, lamba ce kawai ke fitowa ba daidai ba. Kenel bai damu da yadda akwatuna suka jeru a shafi ba, jerin da ka bi wajen gudanar da su kawai ya sani. Ɗauki misali daga aikinka. Akwati na farko ya ce farashi = 10000. Na biyu ya ce farashi = farashi * 1.075, don ƙara harajin VAT na kashi 7.5. Ka gudanar da na biyu sau ɗaya ka samu 10,750. Ka koma ka gyara wani abu ka sake danna shi, ya zama 11,556. Karo na uku 12,423. Kod bai canza ba, amma ka ɗora haraji sau uku. Maganinsa ka ba sakamakon sabon suna, farashi_da_haraji, ta yadda ko sau goma ka danna amsar ɗaya ce. Haka kuma idan ka goge akwati, abin da ya ƙirƙira yana nan a kenel, littafin zai ci gaba da aiki a wurinka ya ƙi a wurin wanda ka aika wa.

Lambobin da ke gefen hagu na kowane akwati su ke tona asirin wannan. Idan ka ga 1, 2, 14, 5, 9, an yi tsalle-tsalle. Kafin ka yarda da kowace lamba, balle ka miƙa ta ga shugaba ko abokin ciniki, ka shiga Kernel ka danna Restart Kernel and Run All Cells. Idan ya sauka har ƙasa ba tangarɗa, lambobin gefe suka jeru ɗaya bayan ɗaya, to sakamakon na littafin ne da gaske. A ganinmu littafin da bai tsallake wannan gwajin ba bai isa a miƙa shi ba.

TAMBAYA: Laftof ɗina RAM gigabait 4 ce. Ina loda fayil ɗin jadawali na CSV mai megabait 800, sai kwamfutar ta sandare ko a ce kenel ya mutu. Sai na sayi sabuwa? Daga Damagaram.

AMSA: Ba yanzu ba tukuna. Jadawali idan ya shiga RAM yana iya ninka girman da yake da shi a faifai, musamman mai yawan rubutu, ga Windows da burauza sun riga sun cinye fiye da rabin gigabait huɗun. A Linux tsarin ne ke kashe kenel idan RAM ta ƙare, a Windows yawanci sandarewa ce ko MemoryError.

Fara da leƙa fayil ɗin: ka ba read_csv zaɓin nrows=1000 ka ga ginshiƙan da ke ciki. Da wuya kana buƙatarsu duka. Ka lissafa waɗanda kake so a usecols, sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Ginshiƙin da ƙimarsa ke maimaituwa, kamar sunan jiha ko jinsi, ka mai da shi nau'in category, yana rage nauyi ƙwarai. Idan har yanzu ya fi ƙarfi, chunksize=100000 zai riƙa miƙo maka layi dubu ɗari-ɗari, ka tara jimillar kowane kashi ka saki sauran.

Ka kuma duba gefen hagu na JupyterLab, alamar da'ira mai murabba'i a ciki. Nan ake jera kenel ɗin da ke gudana. Kowane littafi da ka buɗe yana da nasa, kuma rufe shafinsa ba ya kashe shi. Kana iya tarar da guda biyar suna riƙe da RAM tun safe. Ka kashe waɗanda ba ka aiki da su.

Idan kuma alamar tauraro (*) ce ta maƙale a gefen akwati, kenel na kan aiki ne, ko ya faɗa zagayen da ba ya ƙarewa. Esc sannan harafin I sau biyu yana katse shi ba tare da ka rasa abin da ke RAM ba. Kada ka sa print a zagaye mai layi dubbai, wannan burauzar yake kashewa, kuma duk abin da ya fito a cikin fayil ɗin zai zauna ya sa buɗe shi ya yi nauyi.

TAMBAYA: Ina nazarin rubutun Hausa. A littafin ƙ da ɗ da ɓ suna fita lafiya, amma da na adana CSV na buɗe a Excel sai su koma wasu alamomi. Wani lokacin kuma UnicodeEncodeError. Daga wata mai bincike a Sakkwato.

AMSA: Malama, Jupyter ba shi da laifi a nan, da UTF-8 yake adana komai. Matsalar a wurare biyu take. Na farko umarnin open na Python a Windows: idan ba ki faɗi tsarin haruffa ba, yakan ɗauki cp1252, wanda ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ, shi ya sa yake ƙin rubutawa. Duk lokacin da za ki buɗe fayil ki ƙara encoding="utf-8".

Na biyu Excel. A UTF-8 harafin ƙ bait biyu ne. Idan Excel ya karanta su ɗaya-ɗaya da tsohon tsari, ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É da dogon layi. Bayananki ba su lalace ba, karatun ne ya karkace. Ki ba to_csv zaɓin encoding="utf-8-sig", wanda ke sa wata 'yar alama a farkon fayil da Excel ke ganewa. Inda ake asara ta gaske shi ne adanawa daga Excel da CSV na gargajiya. Nan haruffan alamar tambaya suke komawa, kuma ba sa dawowa. A jerin Save As ki zaɓi CSV UTF-8.

Tunda ƙidayar kalmomi kike yi, akwai tarko biyu. Alamar da ke cikin 'ya'ya ko 'yanci tana zuwa da siffofi daban-daban: miƙaƙƙiya ta allon bugu, lanƙwasasshiya ta Word, ga kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar. Idonki zai ga kalma ɗaya, Python zai ƙirga uku. Ki mai da su siffa guda da str.replace kafin ƙidaya. Sannan jerantawa: sorted yana bin lambar Unicode, don haka ƙasa za ta faɗa bayan zomo maimakon bayan kura. Dabara mai sauƙi ita ce a mabuɗin jerantawa ki mai da komai ƙananan haruffa, ki maye ƙ da k{, ɗ da d{, ɓ da b{. Alamar { ita ke bin z a Unicode, sai kowane harafi ya zauna bayan ɗan'uwansa.

A zane kuwa, DejaVu Sans da matplotlib ke zuwa da shi yana da haruffan nan. Idan kin ga murabba'i a madadinsu, kin canza salon rubutun ne zuwa wanda ba shi da su.

TAMBAYA: Na tura wa abokina adireshin localhost:8888 ta WhatsApp bai buɗe ba. Kuma ina so in riƙa buɗewa daga wayata. Na ga wani bidiyo da aka ce a cire kalmar sirri don a huta. Daga Kumasi.

AMSA: Localhost a wayar abokinka wayarsa yake nufi, shi ya sa bai buɗe ba. Kuma da gangan aka tsara sabar ta saurari kwamfutar da take kai kaɗai.

Don wayarka, ku hau Wi-Fi ɗaya da laftof, ko hotspot ɗin wayar. Ka fara sa kalmar sirri da jupyter server password, sannan ka kunna haka:

jupyter lab --ip=0.0.0.0 --no-browser

Ka buga ipconfig a wani cmd ka nemi layin IPv4, yawanci yana farawa da 192.168. Wannan lambar za ka rubuta a burauzar waya, ka ƙara :8888 a ƙarshe. Idan Windows ta tambaya, ka ba da izini ga hanyar gida kaɗai. Idan akwai wata sabar da ta riga ta kama 8888, sabuwar 8889 za ta koma. Umarnin jupyter server list yana nuna waɗanda ke gudana da ƙofofinsu, da dogon mabuɗin shiga idan ba ka sa kalmar sirri ba.

Shawarar bidiyon nan kuwa ka yi watsi da ita. Duk wanda ya shiga Jupyter ɗinka ya samu ikon gudanar da kowane umarni da sunanka: ya karanta fayilolinka, ya goge, ya girka abin da ya ga dama. Akwai masu yawo a intanet dare da rana suna neman sabar Jupyter da aka bari a buɗe don su haƙo kuɗin kirifto da ita. Ko da kalmar sirri, kada ka yi wannan a Wi-Fi na makaranta ko otal, don ba a rufaffen layi take tafiya ba.

Idan sabar haya gare ka a intanet, kada ka buɗe ƙofar ko kaɗan. Ka kunna Jupyter a can da --no-browser, a kwamfutarka kuma ka buga:

ssh -L 8888:localhost:8888 sunanka@adireshin-sabar

Sai ka buɗe localhost:8888 kamar kullum, SSH ya kai saƙon a rufe. Ka kunna Jupyter ɗin a cikin tmux, manhajar da ke riƙe allon umarni a buɗe, don kada ya mutu idan layi ya yanke. Kenel zai ci gaba da aiki ko ka rufe burauza, amma sakamakon da ya fito a lokacin yana iya ƙin shiga littafin, don haka dogon aiki ya rubuta nasa a fayil.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne, ina da ɗakin kwamfuta mai guda 30, babu intanet a ciki. Yaya zan girka wa kowa? Daga Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Sau ɗaya za ka sayi data. A kwamfutar da ke da intanet ka buga:

pip download jupyterlab pandas matplotlib -d kaya

Ka kwashe foldar kaya da fayil ɗin girka Python a filashi. A kowace kwamfuta ka girka Python, ka ƙirƙiri muhalli, sannan:

pip install --no-index --find-links=kaya jupyterlab pandas matplotlib

Sharaɗin shi ne kwamfutar da ta sauke da waɗanda za a girka wa su dace: Windows da Windows, 64-bit da 64-bit, lambar Python iri ɗaya. Pandas ɗin da aka sauke wa 3.12 ba zai hau 3.11 ba. Kada kuma ka kwafi foldar muhalli daga wannan kwamfuta zuwa waccan, hanyoyin fayil a rubuce suke a cikinta, sai ta karye.

Idan kwamfutocin a haɗe suke da waya ko Wi-Fi, akwai JupyterHub, inda kowane ɗalibi ke shiga da sunansa ya samu foldarsa a kan babbar kwamfuta guda. Nau'insa mai sauƙi, The Littlest JupyterHub, an yi shi ne don mutum ɗari zuwa ƙasa, a kan Ubuntu ko Debian, kuma yana buƙatar intanet ranar girkawa. Lissafin RAM ɗinsa shi ne yawan masu aiki a lokaci ɗaya sau abin da ka ware wa kowa: ɗalibai 30 a kan megabait 512 ya kai gigabait 15, don haka mai 16 da ƙyar za ta ɗauka. Ka sa iyaka da tljh-config set limits.memory, in ba haka ba ɗalibi ɗaya zai kayar da ajin. Babbar kwamfutar kuma ta samu UPS. Abin da ba za ka yi ba shi ne kunna jupyter lab guda ka raba wa aji kalmar sirrinsa, don kowa zai iya goge aikin kowa.

TAMBAYA: Mai duba aikina ba shi da Jupyter. Na gwada fitar da PDF ya ƙi. Daga Maiduguri.

AMSA: Fitar da PDF kai tsaye yana buƙatar wasu manhajoji biyu, Pandoc da LaTeX, shi kuma LaTeX kaya ne mai nauyi. Ka bi ta HTML:

jupyter nbconvert --to html bincike.ipynb

Ka buɗe fayil ɗin da ya fito a burauza, Ctrl da P, ka zaɓi adanawa a PDF. Idan sakamako kaɗai yake son gani, ka ƙara --no-input, kod ɗin ba zai fito ba.

Idan kuma littafin kansa za ka aika wa wani ya gudanar, ka haɗa masa da fayil ɗin bayanai a folda ɗaya, ka kira shi da sunansa kawai ba da doguwar hanyar C: ta kwamfutarka ba, ka kuma buga pip freeze > requirements.txt don ya san lambar kowane laburare. Ka tuna sakamako a cikin fayil ɗin yake zaune. Idan ka taɓa nuna jadawali mai sunayen mutane ko lambobin wayarsu, yana nan ko da ba ka aika CSV ɗin ba. Ka shiga Edit ka danna Clear Outputs of All Cells, ka adana, sannan ka aika.